Motar gudu mai ja da ƙafa huɗu a titin Legas: yadda za ka san man da take sha, ka kuma rage shi

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cewa tallafin mai ya ƙare, tambayar da ake yi mana a kasuwar motoci ta sauya. A da idan mutum ya zo kasuwar motoci ta Berger a Legas yana zagaya mota mai gudu, abin da zai fara tambaya shi ne, "Filogi nawa ce?" Yanzu kuwa, ko wanda ya zo da kuɗinsa a jaka sai ya ja ka gefe ya ce, "Tsakani da Allah, yaya shan manta?" Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Ba wanda bai ji a jikinsa ba.

Na daɗe ina dillancin motoci a garin nan, a Agege nake zaune, kuma akwai maganar da kunnena ya saba da ita. Wani Alhaji daga cikin 'yan canji ya zo da ɗansa duba wata BMW M3. Yaron ya so wadda ke ja da ƙafa huɗu, uban ya kafe. "Malam, ai an gaya mini waɗannan rijiya ce. Tayoyi huɗu suna ja, dole ta sha ninki biyu." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba haka lissafin yake ba. Ka ba ni minti goma." Abin da na gaya masa a tsaye cikin rana shi ne nake son shimfiɗawa a nan daki-daki, don na ga mutane da yawa sun gudu daga mota mai kyau saboda tsoron da ba shi da tushe, na kuma ga waɗanda suka saye ta suka lalata ta da hannunsu wajen neman ragin mai.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Motar da aka ƙera don gudu ba za ta taɓa shan mai kamar Corolla ba. Amma tsakanin wanda ya san motarsa da wanda bai san ta ba, akwai kuɗi masu yawa a wata.

Mataki na farko: gano irin jan da motarka ke yi

Rubutun da ke bayan mota, ko AWD ne, ko quattro, ko xDrive, ko 4MATIC, ko 4Motion, suna ne kawai na kamfani. Abin da ke ƙarƙashi ya bambanta, kuma shi ne ke nuna yadda za ta sha mai da yadda za a kula da ita.

Akwai wadda tayoyinta huɗu ke ja kullum ba hutu. Wannan ita ce hanyar da Audi ta shahara da ita tun da ta fito da quattro a 1980 ta rikita gasar tseren daji. A manyan Audi irin su RS6 da S4, akwai na'urar haƙora a tsakiya mai raba ƙarfin inji, yawanci kashi 40 gaba, 60 baya, tana kuma karkata shi zuwa inda taya ta fi kama ƙasa. Subaru WRX STI ma kullum a haɗe take. Irin wannan ta fi sauran jan nauyi a kan inji, domin ƙarafa da yawa ne ke juyawa a kowane lokaci.

Akwai wadda asalinta mai jan gaba ce, sai an buƙata take tura ƙarfi baya ta hanyar wani kuloci da ke jiƙe cikin mai. Golf R da Audi S3 na wannan gida ne, kuma shekaru da yawa tsarin Haldex suke amfani da shi. Idan kana tafiya a miƙe ba ka matsa mata ba, kusan tayoyin gaba ne kaɗai ke aiki.

Ta uku kuma akasin wannan ce: asalinta mai jan baya, tana aika ƙarfi gaba idan baya ya fara sulɓi. Nan ne Nissan GT-R take, wadda samfurinta na R35 ya fito a 2007 da injin lita 3.8 mai turbo biyu. Nan ne Porsche 911 Carrera 4 da 911 Turbo suke, da BMW M3 da M5 masu xDrive, da Mercedes-AMG E63 S. Mafi yawan motocin da ake kira na gudu na gaske a yau wannan tsarin suke bi, saboda yana barin mota da ɗabi'ar mai jan baya a kwana.

Kada ka dogara da bakin dillali, ko da ni ne. Ka duba littafin motar, ko ka sa lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17 a intanet ka ga yadda ta fito daga masana'anta. Sannan ka sa a ɗaga ta ka leƙa ƙarƙashi da idonka: ka ga furofela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji tsakanin gaba da baya, tana nan, ka ga sandunan da ke shiga tayoyin gaba da na baya duk suna nan. Dalilin wannan leƙen zai zo a gaba.

Mataki na biyu: auna da kanka

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙi. Mutum zai ce maka motarsa tana shan mai, ka tambaye shi kilomita nawa take yi da lita ɗaya, sai ya ce, "Wallahi na dai zuba na dubu hamsin shekaranjiya." Kuɗi ba ma'auni ba ne a ƙasar da farashi ke motsi kowane mako.

Ga yadda ake yi. Ka je gidan man da ka amince da mitarsa, ka cika tanki har bakin famfon ya katse da kansa. Kada ka bari yaron ya ci gaba da ɗura kaɗan-kaɗan yana jijjiga mota. Ka mayar da ma'aunin tafiya sifili. Ka yi harkokinka yadda ka saba har tankin ya sauka ƙasa da rabi. Ka koma gidan man nan, famfon nan in da hali, ka sake cikawa har ya katse. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da ka ƙona. Ka raba kilomitar da ka yi da wannan lita.

Misali, ka yi kilomita 280, tankin ya ɗauki lita 56. Kenan kilomita 5 a kowace lita, ko lita 20 a kilomita 100. Idan a ce lita naira 900 ce, kowace kilomita ta ci maka naira 180.

A nan akwai tarko ga masu tokunbo, wato motocin hannu da aka shigo da su, daga Amurka. Ma'aunin tafiyarsu da mil yake ƙirga, ba kilomita ba. Idan ka ga 175, ka ninka da 1.6, ka sami 280. Na ga wanda ya kusa rabuwa da motarsa a kan asara don ya ɗauka kilomita 175 kacal take yi da wannan man. Haka kuma lambar mpg da ke kan allonsu mil ne a galan ɗin Amurka, wanda yake lita 3.785. Ka ninka lambar da 0.425 ka sami kilomita a lita. Ko ka raba 235 da ita ka sami lita a kilomita 100. GT-R, a gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, tana yin 16 a cikin gari, 22 a babbar hanya, wato kusan kilomita 6.8 da 9.4 a lita. Wannan gwajin bai san gosulon Oshodi ba, don haka kada ka yi mamaki idan naka ya yi ƙasa da haka sosai.

Ka yi awon sau uku aƙalla, ka rubuta a ƙaramin littafi a aljihun mota: kwanan wata, kilomita, lita, da inda ka fi zirga-zirga a makon. Ka haɗa da matsakaicin gudun da allon ke nunawa. Wannan lambar ta ƙarshe tana tona asiri. Idan matsakaicin gudunka na mako bai kai kilomita 20 a awa ba, to tsayuwa ce ke shanye maka mai, motar ba ta da laifi.

Mataki na uku: ware kason ƙafa huɗu daga lissafin

Yanzu mu koma kan tsoron Alhaji. Abu biyu ne tsarin ja da ƙafa huɗu ke ƙara wa mota: nauyi, da gogayyar ƙarin ƙarafa masu juyawa. A Porsche 911, bambancin nauyi tsakanin Carrera S da Carrera 4S kilo 50 ne. A BMW M3 Competition ma kusan haka ne. Buhun shinkafa ɗaya kenan a but.

A gwajin Amurka, M3 Competition mai jan baya tana yin mil 19 a galan idan an haɗa gari da hanya, mai xDrive kuma 18. Idan ka juya shi, lita 12.4 da lita 13.1 ne a kilomita 100. Wanda ke yin kilomita 1,000 a wata, kusan lita 7 ce tsakaninsu. Na rubuta wa Alhaji wannan a bayan katin kasuwancina, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Shi ke nan?" Na ce, "Shi ke nan, ranka ya daɗe. Yammaci ɗaya a gosulon gadar Third Mainland ya isa ya ci kusan haka."

Abin da kake samu a madadin lita 7 ɗin nan kuwa shi ne kama ƙasa. Mai jan baya tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.9, mai ƙafa huɗu cikin 3.5, da inji iri ɗaya. Ni wannan bai dame ni ba, don ba inda za ka yi shi a Legas ba tare da ka jefa rayukan mutane cikin hatsari ba. Abin da ya dame ni shi ne fitowa daga kwana a jiƙaƙƙen titi, ko hawan gada da ruwan sama, inda mota mai ƙarfin gaske mai jan baya ke iya wulla ɗuwawunta gefe idan ƙafar direba ta yi nauyi. Ga matashin da bai goge ba, na fi son in ga yana cikin mai ƙafa huɗu.

Tsadar wannan tsarin ta gaskiya tana wajen taya da gyara. Za mu zo kanta.

Mataki na huɗu: gyara ƙafar dama da lokacin fita

Injin babbar mota yana shan mai ko tana tsaye, balle ga esi a kunne. Daga Agege zuwa Victoria Island tafiya ce da za a yi cikin ƙasa da awa ɗaya bayan sallar asuba, amma wanda ya fito ƙarfe bakwai zai iya shafe ninki biyu ko uku na haka tsakanin Ikeja, Oworonshoki da gadar Third Mainland. Gadar kilomita 11.8 ce. Idan ta buɗe, minti goma ya ishe ka. Idan ta cushe, kana kallon ruwa da gidajen Makoko, allurar mai tana sauka, ba ka je ko'ina ba. Saboda haka babban ragin mai a garin nan agogo ne. Ka fita da wuri, ka dawo kafin la'asar ko bayan isha'i, ka haɗa saƙonninka a fita ɗaya. Ni a ranakun da na san hanya ba za ta yi kyau ba, jirgin ƙasa na Red Line nake shiga daga tashar Agege zuwa Oyingbo, in bar motar a gida. Ba abin kunya ba ne ga mai mota mai tsada ya huta da ita.

A cikin gosulo akwai ɗabi'ar da ke cin mai da giyabos a lokaci ɗaya: bin motar gaba taku-taku, ƙafa a kan birki rabi-rabi. Wasu daga cikin motocin nan, irin su GT-R, da Porsche mai PDK, da Golf R mai DSG, giyarsu mai kuloci biyu ce. Ba kamar otomatik ɗin da muka saba da ita ba ce. Idan kana jan ciki a hankali, kulocin yana goga ne bai kama duka ba, yana zafi yana cinyewa. Ka tsaya cak, ka bar ɗan fili ya buɗe, ka saki birki gaba ɗaya ta tafi, ka sake tsayawa. Na sani, a Legas da ka bar tazarar taku uku danfo, wato bas ɗin haya, ya soka hanci. Ka bar shi ya shiga. Kuɗin kulocin nan ya fi ƙarfin gardama da direban danfo.

Maɓallin yanayin tuƙi ka bar shi a Comfort ko Eco a cikin gari. Yanayin Sport yana riƙe giya a ƙasa, yana sa inji ya zauna a juyi mai yawa, a wasu motocin yana ƙara tura ƙarfi ga dukkan tayoyi tun ba a buƙata ba. Akwai kuma abin da masu V8 na zamani ba su sani ba: injin lita 4.0 na Audi RS6 da na AMG E63 yana iya kashe silinda huɗu daga cikin takwas idan ana tafiya a natse. Sai ƙafarka ta yi sauƙi yake yin haka. Da ka danna, duka takwas sun farka.

Turbo ma haka take. Muddin ba ka matsa ba, injin yana sha daidai girmansa. Da ka nitsa totur, iska mai yawa ta shiga, dole mai ya bi ta. Fizgar nan daga wannan danja zuwa waccan a titin Lekki zuwa Epe, sannan a taka birki da ƙarfi, ita ce hanya mafi sauri ta mayar da fetur zafi a faifan birki. Ka riƙa kallon nesa. In ka hango ja a gaba, ɗage ƙafa tun da wuri ka bar ta a giya ta gangara. Injin zamani yana yanke mai idan an ɗage ƙafa mota na cikin giya. Sakin ta a firi ba ya rage komai, yana dai rage maka iko da ita.

A babbar hanya, kamar ta Legas zuwa Ibadan, iska ce abokiyar gaba. Idan ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu. Iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta sa wa ƙananan motoci a irin wannan hanya kilomita 100 ce a awa, kuma a daidai nan ne motocin nan suke nuna mafi kyawun lissafinsu, suna giya ta sama, inji na numfashi a hankali.

Mataki na biyar: man da kake zubawa

Buɗe murfin tanki ka karanta abin da aka rubuta a ciki. Yawancin motocin gudu na Turai suna neman fetur mai lambar oktan 95 ko 98. Wanda aka saba samu a gidajen manmu bai cika kai wannan ba. Idan lambar ta gaza, man yana iya kamawa da wuta kafin lokacinsa, musamman da zafin rana kuma an matsa wa inji. Kwamfutar motar tana jin haka, sai ta jinkirta tartsatsin filogi don ta kare injin. Sakamakon shi ne ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru.

Abin yi a nan kaɗan ne amma yana da muhimmanci. Ka tsaya a gidan mai ɗaya ko biyu masu ciniki sosai, inda mai ba ya kwana a rijiya. Ka guji na 'yan bumburutu a jarka ko da layi ya kai ina. Waɗanda suke garin nan a watan Fabrairun 2022 sun tuna man da aka shigo da shi mai sinadarin metanol fiye da kima, da yadda motoci suka cika garejoji. Kada ka bar tanki ya riƙa kaiwa ja, domin famfon da ke ciki da man yake sanyaya kansa. Idan kuma ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin da ka taka, ɗage ƙafa nan take, ka kai ta a duba.

Mataki na shida: taya

A nan nake son ka ba ni hankalinka, don nan ne masu ƙafa huɗu suke yin asara mafi zafi.

Tsarin yana aiki ne da kwatanta juyin tayoyi. Idan ɗaya ta fi sauran sauri, yana ɗauka sulɓi take yi, sai ya matse kuloci ya tura ƙarfi wani wajen. To ka ga idan ka sa sabuwar taya ɗaya cikin tsofaffi uku, ko ka haɗa kamfani biyu masu lamba ɗaya amma tsayinsu ya ɗan bambanta, ƙarama za ta riƙa juyi fiye da babba a kowace kilomita. Na'urar tsakiya za ta yi ta aiki ba dare ba rana a kan sulɓin da babu shi. Tana zafi, tana cin mai, wata rana ta tsaya. Na taɓa karɓar wata mota da mai ita ya faɗa rami ya fasa taya ɗaya, aka samo masa wata a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo mai lamba kusa da tasa. Bayan 'yan watanni motar ta fara karkarwa idan ana juya sitiyari a hankali wajen fakin, kamar ana riƙe ta ta baya. Da bakanike ya kwance ƙaramin giyabos ɗin da ke raba ƙarfi, man da ya fito baƙi ƙirin ne, yana warin ƙuna. Kuɗin gyaran ya sayi tayoyi huɗu sababbi har da canji.

Don haka kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, lamba daidai da ta littafi. Idan ɗaya ta mutu kuma sauran sun ɗan ci, a sauya aƙalla biyun gaba ko biyun baya tare, in bambancin kaurin zanen ya wuce milimita 2 zuwa 3 a sauya duka. Ka kuma lura cewa da yawansu tayar gaba da ta baya ba girma ɗaya ba ne. GT-R tana ɗaukar 255/40 a gaba, 285/35 a baya, a kan rim 20. An zaɓi lambobin ne don tsayinsu ya zo kusan ɗaya duk da faɗinsu ya bambanta. Ba a musanya ta gaba da ta baya, ba a kuma sauya lamba ɗaya don an sami mai araha.

Kafin ka biya kuɗin taya, nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefenta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya na iya zama da zane mai kyau amma robarta ta bushe.

Sai iska. Mai faci a bakin titi yakan buga 45 ko 50 ga kowace mota, ya daki tayar da hannu ya ce ta yi. Lambar da motarka ke so tana kan takardar da aka manna a jikin ƙofar direba. Ka sayi ma'auninka na hannu, ka duba da safe kafin ka motsa, sau ɗaya a mako biyu. Iska kaɗan tana ƙara shan mai tana zafafa taya. Iska mai yawa tana rage kama ƙasa tana cinye tsakiyar zane. Ramukan garin nan kuma suna karkatar da saitin ƙafa, don haka duk lokacin da ka daki rami da ƙarfi ko ka ji sitiyari na ja gefe, a je a yi alaimen. Taya mai faɗin milimita 285 da ke tafiya a karkace tana jan mota baya kamar birki.

Mataki na bakwai: abin da ba za ka bari a yi mata a gareji ba

Akwai bakanikai masu hannu da amana a Legas, na ci arzikinsu shekaru. Amma akwai shawarwari uku da aka gada daga zamanin kafireto waɗanda ke kashe motar zamani.

Na ɗaya, "Oga, a cire furofela ta huta, za ta rage sha." Wannan ne dalilin da na ce ka leƙa ƙarƙashi kafin saye. Idan an cire, nauyin na'urorin yana nan, ragin man bai taka kara ya karya ba, kwamfuta kuma ta rikice, tsarin hana sulɓi ya daina aiki daidai. Sau da yawa ma an cire ne don a ɓoye lalacewar da ke ciki. Ko BMW M5 da aka fara yi da ƙafa huɗu a 2017, wadda ke da zaɓin komawa jan baya zalla daga allo, sai an kashe tsarin daidaita mota take yarda. An yi shi ne don filin tsere. Kada ka kunna shi a titin Ikorodu da sunan tsimin mai.

Na biyu, cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi. Injin da aka cire wa shi ba ya kai zafin da aka tsara masa da wuri, kwamfuta tana ganin har yanzu da sanyi, tana ta ƙara mai. Idan mota na zafi, a duba lagireto, fanka, famfon ruwa, ko a sa sabon tamostat.

Na uku, fasa abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, wanda 'yan gareji ke kira indomi. Akwai na'urorin auna iska a kusa da shi waɗanda kwamfuta ke aiki da rahotonsu. Idan an taɓa shi, fitilar inji ta kama, daga nan ba ka ƙara sanin ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba, don fitilar kullum a kunne take. Ka tsaya a kan motarka lokacin da ake aiki a ƙarƙashinta, domin abin yana da kasuwa.

Abin da ya kamata a yi kuwa an fi mantawa da shi. Ban da baƙin mai na inji, wanda dole ya zama mai lambar da littafi ya faɗa, motarka tana da man aksul na gaba, na baya, da na na'urar tsakiya. Masu Haldex ana sauya nasu duk shekara 3, a wanke ragar famfonsa. Matatar iska tana toshewa da wuri da ƙurar hunturu. Filogi da suka gaji da na'urar auna iska da ta mutu suna iya ƙara shan mai fiye da duk abin da ƙafa huɗu ke ƙarawa. Idan littafin awonka ya nuna lissafi ya faɗi ba tare da hanyarka ta sauya ba, a sa mata kwamfuta a karanta kafin a kwance ko ƙusa ɗaya.

Mataki na takwas: damina

Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba zuwa Oktoba, ruwa ne ke mulkin titunan Lekki, Ajah da wasu sassan Ikoyi. Ƙafa huɗu tana taimaka maka wajen tashi da fita daga kwana. Wajen tsayawa ba ta ƙara maka komai, domin kowace mota birki huɗu gare ta. Haɗarin shi ne motar ba ta nuna maka titi na da sulɓi lokacin da kake ƙara gudu, sai ka zo taka birki ka gane. Faffaɗar taya kuma ta fi saurin hawa kan ruwa ta rabu da kwalta. Ka rage gudu, ka ninka tazara.

Ruwan da ya kwanta kuwa, ka ɗauke shi a matsayin rufaffiyar hanya. Motar gudu a ƙasa take, bakin da take shaƙar iska ma a ƙasa yake. Idan ruwa ya shiga silinda, ba ya matsuwa kamar iska, sandar fistin ce ke lanƙwashewa. Ganin jif ya ratsa ba hujja ba ce gare ka. Idan ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake tayar da ita ko sau ɗaya. A kira motar ɗauka mai shimfiɗaɗɗen baya a ɗora ta gaba ɗaya. Ba a jan mai ƙafa huɗu tayoyi biyu a sama biyu a ƙasa, domin na ƙasan za su riƙa juya na'urar tsakiya har ta ƙone.

Ko ka ratsa lafiya, in ruwan ya kai tsakiyar rim, ka kai ta gareji cikin makon a buɗe man aksul biyu da na tsakiya a duba. Akwai ƙananan ƙofofin shan iska a jikinsu, kuma ƙarfe mai zafi da ya shiga ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta nan. Ka sa bakanike ya ɗigo man a kan farar takarda a gabanka. Idan ya fito garau, a mayar da murfi. Idan ya fito kamar shayi da madara, a zubar a wanke a zuba sabo a ranar.